Shin Farin Jini Shaidar Cancanta Ne?

  

Tun kaka da kakanni akwai wani abu da Bahaushe ke ɗaukar goro da sadaka ya tafi nema wurin malamin tsibbu, watau farin jini. Ɗan kasuwa yana nemansa don rumfarsa ta cika da masu ciniki, budurwa tana nemansa don kada ta yi kwantai, ɗan siyasa kuwa ba a ma magana, shi ne babban mai zuwa. A yi rubutu a wanke a sha, a ɗinke laya a cusa cikin hula. Amma da wuya a ji labarin wanda ya tashi takanas ya je ya durƙusa gaban malam ya ce a taimake shi da maganin adalci, ko maganin iya riƙon jama'a. Dalili kuwa a fili yake. Farin jini shi ke kai mutum bisa kujera, abin da zai aikata bayan ya hau kuwa ba kowa ke tsayawa tunaninsa ba.

To, abin tambaya shi ne, idan jama'ar wani yanki suka taru a kan son mutum ɗaya, so na haƙiƙa wanda ba kuɗi ya saye shi ba, shin wannan ya isa shaida cewa ya cancanci shugabancin ƙasa baki ɗaya? In kuma ya hau, me masoyan nan suke binsa, me shi kuma yake binsu? Wannan ba hirar bakin kasuwa ba ce ga mutanen Ƙanƙara da Faskari da Sabuwa, ƙananan hukumomi uku na Jihar Katsina waɗanda suka haɗa kujera ɗaya a Majalisar Wakilai ta Tarayya. Sun yi irin wannan so, sun ga cikar burinsu, sa'an nan suka ga abin da ya biyo baya da idanunsu.

Wanda ake nufi shi ne marigayi Muhammadu Buhari, mutumin Daura, wanda ya rasu a London ran 13 ga Yuli 2025, aka rufe shi a gidansa bayan kwana biyu. Allah ya jiƙansa, ya gafarta masa. Tun da wuri ya kamata mai karatu ya sani cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ya hana zagin matattu, domin sun riga sun isa ga abin da suka gabatar. Saboda haka babu zagi a nan. Amma duba aikin mai mulki don a ɗauki darasi wani abu ne dabam, in ba haka ba da malaman tarihi irin su Ɗabari da Ibn Kasir ba su cika littattafai da labarin halifofi da sarakuna ba, da kyakkyawansa da mummunansa.

Tun bayan Sardauna da Malam Aminu Kano, Arewa ba ta ga wanda talakawa suka so kamar Buhari ba. Ya yi mulkin soja daga ƙarshen Disamba 1983 zuwa Agusta 1985, aka san shi da yaƙi da rashin ɗa'a da ɗaure waɗanda ake tuhuma da cin dukiyar jama'a. A zamanin Abacha ya riƙe Asusun Rarar Kuɗin Man Fetur, watau PTF, mutanen karkara suka ga titi da magani a asibiti ɗauke da tambarin asusun. Daga nan talaka ya yanke hukunci a ransa cewa ga mutumin da ya riƙe dukiya bai ci ba, ya laƙaba masa suna Mai Gaskiya. Da ya shiga siyasa ba ya raba atamfa ko sabulu, hasali ma talakawa ne ke tara masa ɗan abin da suka samu. Tsoho mai sanda ya fita tun asuba ya bi layi, ya jefa ƙuri'a, ya zauna cikin rana yana gadinta har a ƙidaya. Duk wanda ya ce wannan so na ƙarya ne bai zauna cikin mutanen ba.

Duk da haka sau uku yana tsayawa yana faɗuwa. A 2003 ya sami ƙuri'a wajen miliyan 12.7, Obasanjo ya kayar da shi. A 2007 ya kara da ɗan jiharsu, Umaru Musa 'Yar'aduwa, a zaɓen da shi kansa 'Yar'aduwa ya amsa a ranar rantsuwa cewa akwai kura-kurai a cikinsa. A 2011, ƙarƙashin sabuwar jam'iyyarsa ta CPC, ya sami miliyan 12.2, ya cinye jihohi 12, dukkansu a Arewa, bai cinye ko ɗaya a Kudu ba.

A nan akwai wata ƙa'ida ta tsarin mulki wadda ya kamata a tsaya a kanta, domin hikimar da ke cikinta ta fi yadda ake zato. Tun daga tsarin 1979 aka shar'anta cewa yawan ƙuri'a kaɗai ba ya sa mutum ya zama shugaban Nijeriya, sai ya haɗa da rubu'in ƙuri'un da aka jefa a sulusi biyu na jihohi, watau jihohi 24 cikin 36 a lissafin yanzu. Manya ba su manta da rigimar da wannan ƙa'ida ta jawo a 1979 ba, sa'ad da jihohi suke 19, aka yi ta gardama a kan ko nawa ne sulusi biyu na 19, har Awolowo ya kai Shagari gaban Kotun Ƙoli a kan ƙuri'un Jihar Kano. A zaɓen nan Malam Aminu ya cinye Kano kaɗai, Awolowo ya cinye jihohi biyar na yammacin ƙasa, kowannensu kuwa a gidansa ana yi masa son da ya kusa wuce iyaka. Abin da ƙa'idar ke cewa a taƙaice shi ne, shaidar 'yan gida ba ta wadatar ba, sai an ji ta bakin baƙo. Ga wanda ya yi karatun fiƙihu wannan ba sabon abu ba ne. Alƙali ba ya karɓar shaidar uba ga ɗansa ko ta ɗa ga ubansa, ko da kuwa adilai ne masu tsoron Allah, saboda tuhumar da ƙauna ke jawowa. Ba a ce uban ya yi ƙarya ba. An dai san so yana hana ganin laifi.

Amma kada a yi gaggawar watsar da son jama'a a ce ba kome ba ne, domin akwai nassoshi masu ƙarfi da ke ba shi daraja. Buhari da Muslim sun ruwaito daga Abu Huraira cewa idan Allah ya so bawa yakan sanar da Jibrilu, Jibrilu ya sanar da mutanen sama, sa'an nan a sanya masa karɓuwa a bayan ƙasa. Muslim ya ruwaito daga Aufu ɗan Malik cewa mafi alherin shugabanni su ne waɗanda talakawansu ke sonsu su ma suna son talakawan, kowane ɓangare na yi wa ɗaya addu'a. Akwai kuma labarin gawar da aka wuce da ita sahabbai suka yabe ta, Annabi ya kira su shaidun Allah a bayan ƙasa. Ashe ke nan yabon jama'a yana da nauyi a ma'aunin addini.

Sai dai Larabci ya rarrabe tsakanin kalmomi biyu waɗanda Hausa ta dunƙule cikin farin jini. Akwai ƙabul, watau karɓuwar da Allah ke jefawa a zukatan mutanen kirki, akwai kuma shuhura, watau sanuwa da yawan ambato, wadda mawaƙi da ɗan dambe da ɗan fashi duk suna iya samu. Annabi Nuhu ya shekara 950 yana kira, 'yan kaɗan suka bi shi. Fir'auna kuwa, kamar yadda ya zo a Suratuz Zukhruf, ya raina hankalin mutanensa suka yi masa ɗa'a. Yawan mabiya bai tsarkake Fir'auna ba, ƙarancinsu bai rage Nuhu da kome ba. Ko an ɗauka cewa abin da Buhari ya samu ƙabul ne na gaskiya, kuma kyautata zato ya fi dacewa da Musulmi, akwai sauran tambaya: ƙabul ɗin shaida ce a kan me?

Amsar tana cikin labarin Abu Zarri, Allah ya yarda da shi. Wannan sahabi shi ne wanda Annabi ya yi wa shaidar cewa babu mai gaskiyar harshe kamarsa a ƙarƙashin sama. In da Mai Gaskiya sarauta ce da ake naɗawa, shi ya fi kowa cancantar rawaninta. Ga gudun duniya, ga rashin tsoro wajen faɗar gaskiya gaban kowa. Amma ran da ya roƙi Annabi ya ba shi riƙon wani yanki, sai Annabi ya dafa kafaɗarsa ya gaya masa cewa shi mai rauni ne, mulki kuwa amana ce, kuma ranar Alƙiyama wulaƙanci ne da nadama sai ga wanda ya karɓe ta da haƙƙinta ya sauke abin da ke kansa. Muslim ne ya ruwaito. A lura, Annabi bai tuhumi gaskiyar Abu Zarri ba, kuma yana sonsa. Ya dai raba gaskiya da iyawa, ya nuna cewa mutum na iya cika maƙil da ɗaya ya gaza a ɗaya.

Haka Alƙur'ani ya jera su tare. 'Yar dattijon Madyana da za ta ba ubanta shawarar ya ɗauki Annabi Musa aiki, sifa biyu ta ambata, ƙarfi da amana. Annabi Yusufu da ya nemi a ɗora shi kan taskokin Masar, tsarewa da sani ya ambata. Ibn Taimiyya, a littafinsa na siyasar shari'a, ya gina babi a kan waɗannan rukunai biyu, ya ce haɗuwarsu ga mutum ɗaya ba ta da yawa, har ya kawo cewa an tambayi Imamu Ahmad game da jagoran yaƙi, tsakanin mai ƙarfi mai saɓo da salihi mai rauni, ya zaɓi mai ƙarfin, domin ƙarfinsa na Musulmi ne saɓonsa nasa, shi kuwa salihin salihancinsa nasa ne rauninsa a kan Musulmi zai faɗa.

To, manomi a Sabuwa yana iya shaidar amana. Ya ji labari daga bakin wanda ya yarda da shi cewa mutumin nan bai tara gidaje ba, ya ga irin rigar da yake sawa, ya ga titin PTF. Amma ta yaya zai shaidi iyawa? Iya zaɓen mataimaka, da bin sawun wanda aka ba aiki, da tsige wanda ya gaza ko da amini ne, da saurin yanke shawara ran da wuta ta tashi, da sauraron abin da rai ba ya so, duk waɗannan ba a ganinsu a filin taro. Ba a san maci tuwo ba sai miya ta ƙare. Shi ya sa farin jini, ko na gaskiya ne, rabin shaida yake kawowa.

A 2013 CPC ta haɗe da ACN ta Bola Tinubu da ANPP da wani ɓangare na APGA aka kafa APC. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka, da ƙuri'un Yarabawa suka haɗu da na Arewa sai abin da ya gagara shekara goma sha biyu ya yiwu. A 2015 Buhari ya sami miliyan 15.4, Goodluck Jonathan ya sami kusan miliyan 12.9, ya kuma amsa kaye tun kafin a gama sanarwa. A Jihar Katsina Buhari ya haura ƙuri'a miliyan 1.3, abokin karawarsa bai kai dubu 100 ba. An yi murna wadda ba a taɓa gani ba, har wani saurayi ya tako da ƙafa daga Ikko zuwa Abuja. Mutanen da ɓarayin shanu suka fara addaba a gefen dajin da ya haɗa Katsina da Zamfara da Birnin Gwari suka ce wahala ta ƙare, ga soja, ga namu, ga mai gaskiya.

Abin da ya faru sananne ne, amma ya kamata a jera kaɗan daga ciki. Satar shanu ta rikiɗe ta zama satar mutane don kuɗin fansa. A Satumba 2019 Gwamna Aminu Bello Masari ya shiga ƙauyukan Sabuwa da Faskari da kansa ya zauna sulhu da 'yan bindiga, shekara ba ta zagayo ba ya fito ya ce sun ci amana. A Yuni 2020 aka afka wa Kadisau ta Faskari aka kashe mutane masu yawa. A cikin watan nan ne samarin 'Yantumaki, ta ƙaramar hukumar Ɗanmusa, suka tare hanya suka ƙone allon da ke ɗauke da hoton shugaban ƙasa, abin da ko a mafarki ba a zaci ganinsa a ƙasar Katsina ba. Sa'an nan daren Jumma'a 11 ga Disamba 2020 'yan bindiga suka shiga Makarantar Sakandaren Kimiyya ta Ƙanƙara suka kora yara ɗaruruwa cikin daji da ƙafa, a ranar da shugaban ƙasa ya sauka Daura don hutu, cikin jiha ɗaya. Iyaye suka taru a harabar makaranta, uwaye na kuka, tawagar gwamnati ta zo daga Abuja. Ran 17 ga wata aka sako yara 344, kashegari shugaban ya gana da su a Katsina. A 2021 aka hana motocin haya bin hanyar Ƙanƙara zuwa Sheme, aka katse layukan waya a ƙananan hukumomi 13, har da waɗannan uku. Yankin da ke ciyar da jiha da masara da dawa, ya ba masaƙa auduga, ya wayi gari manomi na biyan ɗan bindiga haraji kafin ya girbe abin da ya shuka.

Adalci ya wajaba ko a kan wanda ake ƙorafi da shi, balle wanda ya riga mu gidan gaskiya. Wannan fitina ba mutum ɗaya ya haife ta ba. Akwai tsohuwar rigimar manoma da makiyaya a kan burtali da mashaya, akwai zaluncin da aka daɗe ana yi wa Bafillace a hannun wasu masu iko, akwai ɗaukar doka a hannu da 'yan sa kai suka yi, akwai makaman da suka malalo bayan rushewar Libiya a 2011, akwai kuma 'yan gari masu kai rahoto da burodi da fetur cikin daji. Mulkinsa kuma bai tashi a tutar babu ba. An ƙwato garuruwa daga hannun Boko Haram, jirgin ƙasa ya fara zirga-zirga tsakanin Abuja da Kaduna a 2016, a 2021 aka aza harsashin layin dogo daga Kano zuwa Maraɗi ta Daura da Katsina, aka gina gada ta biyu a kan Kogin Kwara a yankin da bai ba shi ƙuri'ar kirki ba. Wannan na ƙarshe abin yabo ne ƙwarai, ga mutumin da a Yuli 2015 ya faɗa a Amurka cewa waɗanda suka ba shi kashi 97 cikin ɗari ba za a daidaita su da masu kashi 5 a kan wasu al'amura ba. Amma soja da 'yan sanda a hannun shugaban ƙasa suke, gwamna ba shi da iko a kansu. An kuma ruwaito cewa Umaru ɗan Haɗɗabi yana Madina yana tsoron Allah ya tambaye shi game da dabbar da ta halaka a bakin Furatu. In da gaske masu kashi 97 ne ke da gata, da Ƙanƙara ta fi ko'ina barci da ido biyu rufe.

A nan magana ta juyo kan masoya, kuma ita ce mafi ɗaci. Addini nasiha ne, kamar yadda ya tabbata a hadisin Tamimud Dari, kuma shugabannin Musulmi na cikin waɗanda aka ambata a yi wa ita. Abubakar Siddiƙu a hudubarsa ta farko ya roƙi jama'a su taimake shi in ya kyautata, su miƙar da shi in ya karkace. Wannan mutum ne da sahabbai ke so fiye da yadda za a taɓa son wani ɗan siyasa, amma bai nemi so mara sharaɗi ba, su ma ba su ba shi irinsa ba. Shin haka aka yi a Arewa? Shekara da shekaru duk wanda ya buɗe baki ya ce ga gyara, sai a ce maƙiyi ne, ko an saye shi, wani lokaci har a taɓa imaninsa. Malamin da ya yi ta kuka a kan mumbari a zamanin Jonathan saboda jinin da ake zubarwa, da yawansu sai harshe ya yi nauyi da mulki ya dawo gida, alhali jinin bai canja launi ba. Aka manta cewa gyara kayanka ba ya zama sauke mu raba. Shugaban da duk wanda ke kusa da shi yabo yake kawo masa, talakawansa kuma suka rantse ba za su ga laifinsa ba, an toshe masa kunnuwa biyu ke nan. Masoyan sun cuci kansu, shi ma sun cuce shi.

Son naka ba laifi ba ne. An tambayi Annabi ko son mutum ga mutanensa yana cikin asabiyya, ya ce a'a, asabiyya ita ce mutum ya taimaki mutanensa a kan zalunci. Ibn Khaldun ma ya nuna cewa mulki ba ya kafuwa sai da ƙarfin dangantaka da haɗin kai. Inda abin ya ɓaci shi ne inda son ya zama shi ne alƙali. An ga mummunan misalinsa a Afrilu 2011, sa'ad da aka bayyana sakamako tarzoma ta ɓarke a garuruwan Arewa, ƙungiyar Human Rights Watch ta ƙiyasta an kashe fiye da mutum 800 cikin kwana uku, Musulmi da Kirista. Shi Buhari ya barranta daga abin. Amma ban da zunubin jini, wanda shi ne babba, kowace gawa ta ƙara wa mutumin Kudu tsoron wanda ake so ya zaɓa.

Akwai kuma wata ɓarna ƙarama a ido wadda ta daɗe tana ciwo, watau zaɓen sak. Aka ce wa jama'a su dangwala wa jam'iyyar Baba tun daga sama har ƙasa, kada su tsaya tambaya. Duk mai neman kujera ya buga hotonsa kusa da na Mai Gaskiya ya shige cikin guguwa. A cikinsu akwai mutanen kirki, babu shakka. Amma mai ƙuri'a ya sarayar da haƙƙinsa na auna wanda ya fi kusa da shi, wanda ya san gidansu da halinsa, wanda a kansa ne ma shaidarsa ta fi inganci. Ɗan majalisar da ya san rigar wani ce ta kai shi Abuja, ba zai ji tsoron mutanen mazaɓarsa kamar wanda ya san guminsu ne ya kai shi ba. Ƙuri'ar da aka tabbata za a samu ko an yi aiki ko ba a yi ba, ita ce mafi arha a kasuwa, ba wanda ke wahalar da kansa a kanta.

Abin mamaki, ma'aunin da ya kamata a riƙe an rubuta shi ne musamman domin ƙasar Katsina, shekara fiye da 200 da suka wuce. Malam Umarun Dallaje, wanda ya karɓi tutar jihadi ya zama Sarkin Katsina, ya nemi Muhammadu Bello ya rubuta masa ƙa'idodin mulki, Bello ya rubuta masa ɗan littafin nan Usulus Siyasa. A ciki ya yi magana a kan tsoron Allah da nisantar kwaɗayin sarauta, da zama da malamai masu faɗar gaskiya, da sa ido a kan ma'aikata domin zaluncinsu a wuyan shugaba yake. Sa'an nan ya sauko ƙasa ya yi maganar raya ƙauyuka, da kula da manoma da masu sana'a, da gina ganuwa, da gyaran kasuwanni da hanyoyi. Babu babin farin jini a ciki. Duk abin da ya lissafa abu ne da talaka ke iya dubawa da idonsa: ƙauyen nan da mutane ko kufai ne, kasuwar Sheme tana ci ko ba ta ci, mai jaki yana bin hanya da la'asar ko ba ya bi. Bello ya kuma tunatar da cewa halin talakawa yana da hannu a irin shugaban da ake ɗora musu, maganar da ba ta da daɗin ji ranar da ake neman wanda za a ɗora wa laifi.

A zaɓen 2023 Buhari ya ɗaga hannun Tinubu ya roƙi jama'a su zaɓe shi. Jihar da ta ba shi fiye da miliyan 1.2 a 2019 sai ta ba ɗan takararsa ƙasa da rabin miliyan, Atiku Abubakar na PDP ya tsere masa da 'yan dubbai. A zaɓen nan Rabi'u Musa Kwankwaso, duk da jar hular da ta cika Kano, jiha ɗaya ya cinye, Peter Obi ya share ƙasar Ibo bai kai gaci ba. Kowannensu yana da masu rantsuwa da shi, kowannensu kuma ya ci karo da ƙa'idar rubu'i. Tun da aka rufe Buhari a Daura ake ta lissafin wanda zai gaji ƙuri'unsa miliyan 12, sai ka ce garken shanu ne da za a raba wa magada, kowa da tumuninsa da sudusinsa.

Za su zo Ƙanƙara, za su zo Faskari da Sabuwa, da hotuna da mawaƙa, wani ma da hoton marigayin kusa da nasa. A cikin waɗanda za su tsaya a layi akwai yaran nan 344, domin ƙaraminsu ma ya kusa isa jefa ƙuri'a in bai isa ba. Su ne suka yi tafiyar daji da ƙafa cikin sanyin Disamba, iyayensu kuwa na cikin waɗanda suka yi gadin akwati cikin rana a 2015. In ɗan takara ya ce musu shi mai gaskiya ne, suna da damar su karɓa, su gode masa, sa'an nan su tambaye shi wa zai ba tsaron hanyar Sheme, kuma me zai yi masa in wata shida suka wuce hanyar ba ta biyu ba.